Ƙasar da Baffa Ya Kai Hoto

Kwarin Ɗinya, ta hanyar Jahun
Watan Sha'aban

Zuwa ga Dada, 'yar ƙanina marigayi, a ƙasar Suwidin.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan. Innarki Zaituna tana gaishe ki. Gwiwata tana nan yadda kika bar ta. Shanu lafiya, jar nan taki ta haifi maraƙi mace.

Malam Musaddiq, tsohon hedimasta, shi ke riƙe da biro, ni ke magana. Ya ce in kira ki a waya kawai, na ce a'a. Kunnena ɗaya ya tafi, kuma maganar waya iska ce, amma abin da ya hau takarda ba mai cewa bai faɗa ba. Zai ɗauki hotonta ya tura miki. Ya ce a sa sunanki a sama, na ce sunan uwata gare ki, ban taɓa kama shi da baki ba, ba kuma zan fara a takarda ba.

Dalilin takardar shi ne, wata ƙungiya ta ba garinmu burtsatse guda ɗaya, mai aiki da hasken rana, har da kwamin shan dabbobi. Sun turo injiniya da wayoyi da ƙarafuna, ya kakkafa su a ƙasa, ya leƙa wani akwati, ya ce ruwa yana gabas. Gabas ina? Bayan gidan Ɗan'inna. Ɗan'innan da ya nome burtalin shanunmu shekarar da babanki ya rasu, ya zuba riɗi a kai, har yau sai mun zaga ta bayan maƙabarta. Shi ne kuma ya ce a ƙofar masallaci wai na haukace, ina sayar da bijimai don karatun da ba zai dawo ruga ba. Ki riƙe wannan, ni ban manta ba.

Ni na ce ruwa yana yamma, inda kakanki ya haƙa rijiya. Aka yi taro a ƙofar Mai Unguwa, sai na miƙe na ce ba mai huda ƙasar garin nan sai 'yata ta duba. Na ce ku kuna da mai wayoyi, ni ina da wadda Turawa suka ɗauka musamman don ta karanci ruwa.

Ga lissafina. Lokacin da bijimi ya take ni aka kai ni asibitin Jahun, an haska ƙafata, na ga ƙashina da idona ta cikin nama, ba a yanka ni ba. Malam ya ce irin wannan hasken na eksire kike haska ruwa da shi, naku ma ya fi ƙarfi. To hasken da ya ga ƙashi ta cikin nama, me zai hana shi ganin ruwa ta cikin ƙasa?

Don in rage miki aiki, na haƙo ƙasar gabas da ta yamma, kowace a ƙoƙonta, na hau mota zuwa Dutse, na kai wani shagon masu ɗaukar hoton ƙashi. Mai wurin ya ce shi mutane yake ɗauka. Na ce to ai mutum ne ya kawo. Na zauna a kan bencinsa har ya gaji ya ɗauka. Malam ya ɗora hoton a taga ya ɗauke shi da waya. Ta hannun dama ita ce yamma. Ki duba da kyau ki aiko da amsa a rubuce, a karanta a gaban kowa.

Haza wassalam.
Baffanki, Bubayero.

*

Suwidin, Fabrairu

Baffa,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku da Inna da kowa, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa, ya raya maraƙin. Na ga takarda da hoton a tsaye, ina haɗa kaya. Gobe za mu tafi Jamus inda babbar na'urar hasken take. Mun daɗe muna jiran layinmu, kuma in aka shiga aikin ba a samun kai. Maganar tana buƙatar zama. Da na dawo zan rubuto muku dalla-dalla in Allah ya so.

'Yarku,
Zulaihatu.

*

Kwarin Ɗinya
Ƙarshen watan Azumi

Dada,

Bayan gaisuwa, ya ibada? Mu nan azumi ya zo da zafi, amma da sauƙi. Lafiya lau muke, in ban da innarki da ta daina yi mini magana sai ta kama.

Takardarki na sa an karanta ta bayan sallar Juma'a, sau biyu. Da aka zo wurin Jamus sai na ce Malam ya dakata, na juya na dubi Ɗan'inna. Na ce kun ji ko? Na'urar Suwidin ta yi wa ƙasarmu kaɗan, sai an dangana da babbar. Malam ya ce mini a kunne ba haka kika rubuta ba. Na ce masa shi ya san baƙi, ni na san 'yata.

Motar haƙa ta zo a farkon azumi. Kin san filin da injiniya ya kafa wa alama na Mai Unguwa ne, kuma shi da bakinsa ya roƙe ni bara in zaunar masa da shanu su yi masa taki. Ban sami zarafi ba a lokacin. To ana gobe motar za ta zo na tuna da roƙon. Suna isowa suka tarar da garke gaba ɗaya a kwance a kan alamar, ni ina gefe a kan buzu. Mai Unguwa ya ce, “Malam Bubayero, yau ka ga damar yin takin?” Na ce, “Ranka ya daɗe, alkawari ba ya tsufa a wurina.” Ba a korar baƙon taki, ya sani, kowa ya sani.

Masu motar sun tafi wasu garuruwan. Sun ce za su biyo bayan Sallah, in sun tarar da kofato ko ɗaya a wurin za su kai burtsatsen wani gari, don in ruwan sama ya sauka motarsu ba ta iya hanyarmu.

Yanzu mata sun tasa ni a gaba. Da azumi a bakinsu suke tafiya har fadama ɗibar ruwa, in sun wuce ni gaisuwar ma a taƙaice. Na jure, don na san abin da nake jira. Amma Dada, shirun ya yi yawa. Jamus ɗin a ƙafa kuka tafi? Kullum sai na aika a tambayi Malam ko wayarsa ta yi ƙara. Ɗan'inna ya fara tambayata, wai ko ƙasar tamu an kwantar da ita a asibiti ne. Ki fitar da ni.

Baffanki, Bubayero.

*

Suwidin, Afrilu

Baffa,

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina lafiya, sai gajiya. Wallahi ba raini ya sa na yi shiru ba. Ban san abin ya kai haka ba sai da na buɗe takardarku ta biyu.

Baffa, ban je Jamus da ƙasarmu ba, aikin makaranta ya kai ni. Hoton kuma na duba shi. Ba abin da ke ciki sai ƙasa a ƙoƙo da 'yan tsakuwoyi. Ko na'urarmu ba za ta nuna fiye da haka ba. Ruwan da ake nema yana can ƙasa da nisa, ba ya cikin ƙoƙon.

Laifina ne da ban taɓa zama na gaya muku aikina ba. Ɗigon ruwa, in aka yi ta raba shi, za a kai ga wasu 'yan ƙwayoyi da ba idon da ke ganinsu. Kowace ƙwaya tana da kamar hannu biyu da take kama maƙwabtanta, da wuri biyu a bayanta inda ake kama ta. Wannan riƙon muna kiransa haɗin haidurojin. Ba don shi ba, da ruwa bai zauna a randa ba, da tuni ya zama iska ya tashi. In ruwa ya daskare ya zama ƙanƙara, kowace tana haɗe da huɗu, a tsare kamar maruƙa a igiyar dangwali. In ya narke sai su zama kamar garke a kan hanya, wannan ta saki waccan ta kama wata, da saurin da ƙiftawar ido ma doguwar tafiya ce a kansa.

Hasken namu ba hoto yake bayarwa ba. Ana haska ɗan siririn ruwa, a auna yadda ya shanye hasken, sai a sami wani layi mai tudu da kwari. Ni kuma nawa aikin a kwamfuta yake. Ina ƙera ƙwayoyin ruwa na lissafi, ɗari da 'yan kai, in sake su su yi ta motsi, sannan in lissafa layin da za su bayar in da an haska su. In layina ya hau kan na gaske, to na kusa sanin yadda riƙon yake. Manyan malamai sun daɗe suna musu a kai. Wasu sun ce ko a narke yawancinsu huɗu suke riƙe da su, wasu sun ce biyu ne kawai masu ƙarfi. A tsakiyar wannan musun nake neman digirina.

Neman ruwa a ƙarƙashin ƙasa wani ilimi ne daban, kuma shi injiniyan ya karanta, ba ni ba. Ban san inda ruwan Kwarin Ɗinya yake ba.

Don Allah Baffa ku tashi shanun kafin motar ta dawo. Ku tuna wuyan Inna.

'Yarku,
Zulaihatu.

*

Kwarin Ɗinya
Watan Shawwal

Dada,

Gaisuwa. Muna lafiya. Gwiwar ta tashi, amma ba ita ke damuna ba.

Wannan takardar ban bari an karanta a masallaci ba. A ɗakin Malam muka karanta, ƙofa a rufe.

Watau ruwan naki ma ba ruwa ba ne. Na tambayi Malam, wannan na kwamfutar ana alwala da shi? Ya ce a'a. Saniya tana sha? Ya ce a'a. Na ce to ka rubuta mata cewa na gode. Tun kina rarrafe nake ɗora ki a wuya in kai ki bakin rijiyar kakanki. Na ce wa gari kaf kin tafi karatun ruwa, ashe kin haye teku ne don ki zauna a ɗaki kina kiwon ruwan da ba ya jiƙa hannu.

Kin san abin da zai faru in na tashi shanun nan haka kawai? Ɗan'inna zai yi ta ba da labarin ƙoƙon nan har a gidan suna, jikokinsa su gada. Da furfurata. Ni da na hau mota na je Dutse na zauna a benci ana kallona.

Ba abu mai yawa nake nema ba. Ki rubuta kalma ɗaya: yamma. Ki sa hannu, ki buga hatimin makarantarku in akwai. Kakanki ya sami ruwa a wurin ba da waya ba, ba da akwati ba. Ruwan ba ƙaura ya yi ba. In kin rubuta, Mai Unguwa ba zai iya tsallake takardar Turai ba. Shanu suna nan inda suke sai na ji daga gare ki. An ce motar tana wajen Taura, saura mu.

Baffanki, Bubayero.

Af. Wannan musun na malaman naku, masu huɗu da masu biyu. Ke kina wane ɓangare? Kada ki ce mini kina tsakiya, gidanmu ba a tsayawa a tsakiya.

*

Suwidin, Afrilu

Baffa,

Ina gaisuwa, Allah ya ba da lafiya. Ban bar wannan ta kwana ba.

Ba zan rubuta yamma ba, ku gafarce ni. In na rubuta aka haƙa aka tarar da busasshiyar ƙasa, burtsatse ɗaya ne, ba za a ba mu wani ba. Sannan ba labarin ƙoƙo za a riƙa bayarwa ba, labarin 'yar Bubayero da ta jawo wa gari ƙishirwa za a bayar. Ku ne kuka mayar wa mai saye da kuɗin saniya har gida a kan ba ku tabbata tana da ciki ba. A hannunku na tashi.

Amma ban zauna ba. Na roƙi Malam Musaddiq ya je wurin Mai Unguwa ya ɗauko mini hoton takardun awon injiniyan. Na kai wa Dakta Abdurrahman, wani ɗan Sudan a jami'armu, wanda ruwan ƙarƙashin ƙasa ne aikinsa. Ya duba a tsanake. Ya ce an yi awon yadda ya kamata. Gabas akwai alamar yashi mai kauri, irin wanda ke riƙe ruwa. Yamma yumɓu ne ya yi yawa, rijiyar Kaka ruwan saman yumɓun take sha, shi ya sa take ƙafewa da bazara. Ya ce ba mai rantsuwa sai an haƙa, amma da garinsu ne gabas zai haƙa. Wannan zan iya sa hannu a kai, ga shi na sa.

Maganar musu kuwa, lissafina ya fi karkata ga huɗu, sai dai riƙo ɗaya yakan yi sako-sako. Akwai wani ɗan tudu a farkon layin gaske da nawa layin ya ƙi hawa daidai, shi nake fama da shi. Sai ya hau zan iya buɗe baki. Wannan tsakanina da ku ne, don Allah kada ya fita.

'Yarku mai neman albarkarku,
Zulaihatu.

*

Kwarin Ɗinya
Watan Zulƙida

Zuwa ga Dada.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, muna lafiya ƙalau. Innarki ta dawo da magana, har ta fi da. Hadari ya fara haɗowa ta gabas amma bai zuba ba tukuna.

Da aka karanta mini takardarki na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na ce wa Malam yarinyar nan taurin kai gare ta. Ya ajiye tabarau ya ce, “A ina ta samo?” Na ce masa tambayar ba ta da ladabi.

Ranar da motar ta iso na sa babbar rigata na tafi ƙofar Mai Unguwa, gari ya taru. Na ce, “Ranka ya daɗe, amsa ta zo. 'Yata ba ta yarda da aikin injiniyanku haka kawai ba, sai da ta sa wani babban dakta ya bi shi layi-layi. An duba, yaron ya iya aikinsa. Na ba da izini a haƙa a gabas.” Ki duba, akwai ƙarya a ciki? Ɗan'inna ya ce, “To ina labarin ƙoƙo?” Na ce ƙoƙo ya gama nasa aikin, shi ya buɗe maganar.

Sannan na ce saura ɗaya. Shanuna za su tashi, amma kwamin shan dabbobi a nan za a gina shi, ta ina za su riƙa zuwa? Ta sama? Kowa ya juya yana kallon gonar riɗin Ɗan'inna. Mai Unguwa ya ce a buɗe burtali. Rabin faɗinsa na da kawai aka buɗe, ki rubuta wannan a ranki, sauran rabin ina bin sa. Amma ran nan jar saniyarki ce ta fara bi ta ciki, maraƙinta a baya, ta tsaya daidai katangar Ɗan'inna ta yi abin da saniya ke yi.

An sami ruwa. Mai yawa, fari tas, ba gishiri. Da ya yi tsiri sama mata suka yi guɗa, ni kuwa na cire hula na mayar.

Yanzu da hantsi can nake zama, a gindin tankin. Ɗan'inna ya kafa benci a wurin kamar shi ya haƙa. Shekaranjiya ya ɗebo a moɗa zai sha, na ce, “Tsaya. Ka san abin da ke hannunka?” Ya ce ruwa. Na ce, “Ka ji jahilci. Garke ne. Kowace ƙwaya hannunta biyu, ana kuma kama ta ta wuri biyu, suna saki suna kamawa. Ba don haka ba da moɗar nan iska za ka sha.” Mutane suka matso, na yi musu bayanin dangwali da ƙanƙara da layi mai tudu. Limamin gari ya ce Subhanallahi. Na ce burtsatsen a bayan gidan wani yake, amma abin da ke cikin ruwan a gidanmu aka san shi.

Sai Ɗan'inna ya tambayi Malam wai gaskiya ne akwai malaman da suka ce biyu ne? Malam, da ba ya iya riƙe bakinsa, ya ce akwai. Shi ke nan, ya ce shi yana bayan masu biyu. Mutumin da bai san da maganar ba sai ranar! Yanzu masu ɗibar ruwa sun rabu, matan yamma huɗu, na gabas biyu, har Mai Unguwa an tambaya ya ce sai ya yi shawara.

Na san kin ce kada ya fita. Bai fita ba, a cikin gari yake. Amma ki matsa wa wannan ɗan tudun ya hau, ki daina barcin rana in kina yi. Na riga na miƙe a gaban jama'a na ce huɗu ne, kuma 'yata za ta aiko da shi a rubuce.

Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan babanki da bai ga wannan rana ba.

Haza wassalam.
Baffanki, Bubayero.